Wuyan da Ba Dutsen Aure

A can wata ƙasa mai nisa, akwai wata mata a garin Patan mai suna Nirmala Shakya, 'yar maƙerin zinare. Tun tana ƙarama take riƙe kurfi da guduma, amma duk aikin da ta yi, da sunan yayanta Tirtha yake fita. Shi yana gaban shago yana shan yabo, ita tana ƙurya tana shan hayaƙi.

Bayan mahaifinsu ya rasu, hukuma ta ce za ta buga sulallan zinare don karrama matan shugabannin ƙasa. Na farko zai ɗauki fuskar Dev Kumari, wata tsohuwa da mijinta ya yi mulki ya kuma rasu da jimawa. Aka ce maƙera su kawo samfur na kakin zuma.

Nirmala ta ce ita ma za ta kai nata, da sunanta.

Tirtha ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "To mu yi haka. In aka ɗauki naki, na tashi daga mazaunin Baba ki hau. In aka ɗauki nawa, ki ajiye kurfi, kada in ƙara ganin ƙafarki a shagon nan."

"Na yarda, Yaya," in ji ta. Amma ta san kasada ce, don ba ta iya wata sana'a ba.

Tirtha gwani ne, wannan ba a musu. Ya samo hoton tsohuwar na lokacin da take fadar mulki, ya fito da ita tsaf: kumatu sumul, ga jan dutsen aure, irin wanda matan aure ke sawa a can, ya cika mata wuya. Kafin mako ya zagayo ya gama, ya miƙe ƙafa yana shan shayi.

Ita kuwa Nirmala mota ta shiga zuwa ƙauyen da tsohuwar take. Ta gaishe ta, ta roƙe ta ta zauna a zana ta.

Tsohuwa ta dube ta sama da ƙasa. "In zauna kamar dutse ki zuba min ido? Ga masara can tana jira. In za ki taya ni ɓara, zo. In ba haka ba, motar da ta kawo ki ba ta yi nisa ba."

Nirmala ta ajiye takardunta, ta zauna ɓarar masara. Yau masara, gobe tsince wake, jibi yanko wa akuya ciyawa. Hannuwanta suka yi kanta, zane ko ɗaya ba ta yi ba. Duk ranar da ta leƙo gida, Tirtha sai ya ce, "Sannu da zuwa, maƙeriyar masara!" Abin na yi mata ciwo, amma gari na wayewa take komawa.

A cikin wannan zaman ta lura da wani abu. Duk sanda aka ambaci marigayin, yatsun tsohuwar sukan tafi gindin wuyanta, su laluba, su sauko a hankali. Abin da Nirmala ta sassaƙa ke nan.

Ranar zaɓe, aka jera samfura a gaban manyan hukuma da ita tsohuwar. Shugaban kwamiti ya ɗaga na Tirtha yana jinjina kai. "Wannan shi ne aiki! Matar shugaba, ga alamar aurenta." Ya kalli na Nirmala ya taɓe baki. "Ke kuma ai tsofar da ita kika yi. Wuya fayau, ga tamoji."

Nirmala ta sunkuyar da kai.

Tsohuwa ta karɓi na Tirtha, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Yaro, wa ya ba ka izinin mayar min da wannan? Ranar da ya mutu, da hannuna na cire dutsen nan na ɗora a ƙirjinsa, aka ƙone shi tare da gawar, kamar yadda kowace mace take yi a al'adarmu. So kake duniya ta ce na hana mijina abinsa?"



Ta ɗauki na Nirmala, ta kawo shi dab da idonta. Ta ga wuyan, ta ga yatsun. Hawaye suka zubo mata, tana murmushi. "Ashe haka nake yi? Wannan ni ce. Wannan kuma matarsa ce har yau. In ba shi za ku buga ba, ku cire sunana daga zancen."

Shi aka buga. Zinare ya fito yana walƙiya, ga sunan Nirmala ƙarami a gefe.

Tirtha dai ya cika alkawari, ko da fuska a murtuke. Da safe Nirmala ta hau mazaunin mahaifinta a gaban shago, ta ɗaga guduma. Matan layin suka fito suna tafi suna kiran sunanta, ita kuma farin ciki ya hana ta saita bugun farko.

Darasi: Gwaninta ba ta isa ba in girman kai ya hana ka zama ka fahimci mutum. Wanda ya yi haƙuri ya sunkuya, shi yake ganin abin da mai gaggawa ya tsallake. Ku tura wa wanda ake yi wa dariya yau saboda yana aikinsa a hankali, ya ƙara ƙarfin gwiwa.