Mai Jinyar Kurciya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.
Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

"Wai Kurciyar nan za ta ƙara tashi kuwa?" Haka Kurciya ta ji Kaza tana tambayar Agwagwa. Tana kwance ƙarƙashin rumbu da karyayyen fiffike, tun ranar da yara suka harbe ta da danƙo. 'Yan'uwanta sun zo dubiya, suka ce Allah ya sawwaƙe, ba wanda ya sake waiwayo ta.

Amma kullum sai ta tarar da tsabar gero a gabanta. Ran nan ta ɗaga kai, sai ga Ɓera yana turo tsabar ta hudar da ya yi a gindin rumbu.

Ta ce, "Ashe kai ne, Malam Ɓera?"

Ya ce, "Ci ki yi shiru, baiwar Allah. Ni ma na taɓa kwanciya, na san tsawon yini."

Fiffike ya warke, amma a karkace. Iyakar tashinta katanga. Can take shan hantsi, 'yan'uwanta na wucewa sama, tana hamdala da ƙwalla a ido.

Sai ga Kyanwa tana lasar baki. "Ƙanwata, kin murmure! Wa ya yi jinyarki, mu je mu gode masa?"

Kurciya ta so duniya ta sani, har sunan ya zo bakinta. Ta dubi faratan Kyanwa, ta haɗiye.

"Allah ne, Yaya."

Ta ƙudura ba mai jin sunan nan daga gare ta har ta mutu.

Ƙurunƙus! Amma yau kam a bar wa ɗan ɓera kansa.