Ƙazafin Kitsen Turare

An yi wani mutum a nan Zongon Kwatano, ya 'yan uwa. Ba zan kama sunansa ba, domin ya bar 'ya'ya, kuma su ba su yi laifin komai ba. Manyan da ke zaune a nan sun san shi. Matasa kuwa ku saurara.

Daga Arewacin Najeriya ya zo, da jakar kaya ɗaya. Ya fara da tallan gwanjo a kasuwar Missèbo, abin bai karɓe shi ba. Ana nan sai ya faɗa hannun wata dattijuwa, Inna Saude, wadda kakanninta na cikin fataken da suka fara zama a unguwar nan. Mijinta ya rasu, ya bar ta da 'ya ɗaya, Labiba. Sana'arta haɗa turaren fure.

Ba irin na kwalba da ake shigowa da shi ta tashar jiragen ruwa ba. Nata na shafawa ne, daga farin fure, yasmin da wani mai dogon kara da masu lambu ke ce wa tiberos. Bayan sallar asuba takan hau zemijan, babur ɗin haya, ta tafi lambunan Houéyiho a tsinko mata furen kafin rana ta taɓa shi. Takan ce farin fure ba ya son wuta, in ka dafa shi ƙamshin ya gudu. Sai dai a lallaɓa shi. Za ta sayi kitsen sa, wato bijimi, na wajen ƙoda, ta wanke shi da ruwa da gishiri har ƙarninsa ya fita, ta narkar, ta tace da farin ƙyalle, ta haɗa da man kaɗanya. Ta shafa shi a kan gilashi, ta jera furen ɗaya bayan ɗaya. Gobe ta kwashe wanda ya yi yaushi, ta jera sabo. Haka har kwana arba'in, sai kitsen ya sha ƙamshi ya ƙoshi, ta kankare ta zuba a ƙananan gwangwanaye.

Da shi muke zuwa Juma'a. Da shi ake kai amare. Da shi ake shafe likkafani.

Wannan baiwar Allah ta koya wa mutumin nan duk abin da ta sani, ba ta ɓoye masa ko ɗaya ba. Ita ta nema masa aure, ta tsaya masa a matsayin uwa har aka ba shi Zaituna. Da ya ce yana son ya buɗe nasa shagon, ta ba shi gilasai goma daga cikin nata, ta sa masa albarka. Yana ce mata Inna, tana ce masa ɗana.

To, amma shi mutum ne mai gaggawa. Kwana arba'in ya yi masa tsawo, sai ya riƙa kankarewa a kwana goma sha biyar. Turarensa yakan yi ƙamshi da safe, kafin azahar ya tafi. Nata kuwa sai a wanke riga ana jin sauransa. Mutane sukan shigo shagonsa su shinshina su ce, "Madalla, amma bari mu leƙa wajen Inna." Kullum wannan kalma tana sauka a ƙirjinsa. Maimakon ya ƙara kwanaki, sai ya ƙara ƙiyayya.

Shekarun nan ne da aka yi babban taron ƙasa, mulki ya sauya, aka ce kowa ya faɗi abin da ke ransa. Kun tuna yadda garin nan ya zama. Jaridu sun fito kamar me, jam'iyyu a kowane lungu, kowace rumfar mai shayi ta koma majalisa. Mun yi murna, kuma abin murna ne, don mun daɗe muna magana ƙasa-ƙasa. Sai dai da bakuna suka buɗe, ba gaskiya kaɗai ta fito ba.

Wata rana da hantsi, a rumfar mai shayi, wani ya yabi turaren Inna Saude a gabansa. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ai dole ya daɗe a jiki. Kun taɓa tambaya wane irin kitse ne?"

Aka ce, "Me kake nufi?"

Ya ce, "Ni ban ce komai ba. Amma matar da take sayen fure a wajenta a Houéyiho, ku je ku ga abin da take kiwo a bayan lambu."

Matar nan mai lambu Kirista ce, 'yar ƙabilar Fon, kuma gaskiya tana da aladu biyu. Abin da yake gaskiya a cikin zancen ke nan, ba ƙari. Amma kafin la'asar magana ta kai kasuwar Dantokpa. Kafin Juma'a ta zagayo, ana cewa Inna Saude da kitsen alade take haɗa turare.

Ya 'yan uwa, wa ya bincika? Wa ya taka ƙafarsa ya je ya ga tukunyarta?

Da abin ya yi girma, dattawan unguwa suka kira zama. Ina wurin. Inna Saude ta zo da mahaucin da ke sayar mata da kitse shekara ashirin, ya ba da shaida cewa kitsen sa kaɗai take saye. Sannan aka juya ga mutumin nan, aka ce ya maimaita abin da ya ce, ko ya janye. Nan ne Allah ya buɗe masa ƙofar fita. Da ya ce wasa ne, ko ya ce ya yi kuskure, da an yi masa faɗa an tashi. Amma ya dubi jama'a, ya ga idanu a kansa, ya ji kunyar a ce masa maƙaryaci. Sai ya yi alwala, ya dafa Littafin Allah, ya rantse cewa da idonsa ya ga tana karɓar kitsen alade daga hannun mai lambun, a ƙunshe cikin leda.

Inna Saude ba ta yi kuka ba. Ta dai dube shi ta ce, "Ɗana, ba ni na kama hannunka na koya maka wankin kitsen nan ba? Wane iri muke wankewa?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Inna, na faɗi abin da na gani."

Dattawa suka ce shaida ta ci karo da shaida, ba za su yanke hukunci ba, Allah ne masani. Amma mutanen gari sun riga sun yanke nasu.

Mata suka riƙa zubar da gwangwanayenta a kwata. Maza suka fito da manyan rigunansu ana wankewa sau bakwai. Aka riƙa zuwa wurina ana tambaya, "Malam, sallolin da muka yi da turaren nan sai mun rama?" Kuma bari in faɗa muku abin da ban taɓa faɗa a kan wannan buzun ba. Ni ma ina da gwangwani ɗaya. Ban ce ta aikata ba, amma na ce a raina barin abin da ake kokwanto ya fi, na ba da shi aka jefar. Maƙwabta suka ga Malam ya jefar da nasa. Me kuke tsammani suka ɗauka?

Wata mata da aka shafa wa likkafanin mijinta turaren ta je ƙofar Inna Saude da rana tsaka, tana kururuwa tana cewa an sa mijinta ya kwanta da najasa. Tun daga ranar Inna Saude ba ta sake fita ba. Ba biki, ba suna, ba wanda ya aiko mata goron gayyata. Bayan wata huɗu, tana tsakar gida, ta yanke jiki ta faɗi. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshe ya karye. Labiba ta kwashe ta suka koma garin Djougou, wajen ƙanen Inna Saude.

Shi kuwa kasuwa ta buɗe masa. Ya yi fenti, ya sa allo a ƙofar shago, ya rubuta cewa nasa mai tsarki ne. Ya yi ƙiba. Ana cewa shi ya ceci sallar Musulmi.

Abin bai kai shekara ba.

Da farko kokwanton da ya shuka ya dawo kansa. Mutane suka fara cewa, "To shi ma ai a wajenta ya koya. Shekara nawa yana wanke mata kitse bai yi magana ba?" Duk wanda ya shigo sai ya tambaya, shi kuma sai ya rantse, har rantsuwarsa ta zama abin dariya. Jama'a suka ga hanya mafi sauƙi ita ce su bar turaren kitse gaba ɗaya su koma na kwalba. Masu lambun Houéyiho suka ga babu mai sayen fure, suka tuge yasmin suka shuka latas da kabeji.

Sannan gida ya rushe. Zaituna ta san gaskiya, don ita ma ta sha taya Inna Saude tace kitse. Ta yi ta haƙuri, har wata rana ta ajiye masa abinci ta ce, "Maigida, matar nan ita ta wanke ni ranar da na haihu. Ka je ka warware abin da ka ɗaura." Ya daka mata tsawa, ya ce ko ita ma an saye ta ne. Ta ce, "Ba zan ci gaba da ciyar da 'ya'yana da wannan ba." Ta kwashe su ta koma gidan iyayenta a unguwar Zogbo.

Da damina ta shigo ya kwanta zazzaɓi da mura mai nauyi. Ya warke, amma hancinsa bai dawo ba. Ya je asibiti, ya sha na gargajiya, shiru. Yakan ɗauki fure ya kai hanci, kamar ya ɗauki takarda. Mai turare babu hanci! Kitse ya lalace a kan gilashi bai sani ba, ya kankare ya sayar, aka dawo masa da shi ana toshe hanci. Shago ya mutu.

A wannan hali ya zo wurina, ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Ya zauna a can bakin tabarma ya ce, "Malam, ƙarya na yi. Ban ga komai ba." Nan take na tuna gwangwanina. Na ce masa tuba tsakaninsa da Allah a buɗe take, amma haƙƙin Inna Saude sai ita. Na ce ya je ya roƙe ta, ya dawo ya faɗa wa jama'a.

Ya hau mota har Djougou. Labiba ta tare shi a ƙofa, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta kauce ta ba shi hanya. Ya tarar da Inna Saude a jingine da bango, an tokare ta da matashin kai. Ya durƙusa, ya faɗi komai, yana kuka yana cewa, "Inna, ki yafe mini." Ta zuba masa ido. Bakinta ya motsa, wani sauti ya fito, ta sake ƙoƙari, miyau ya zubo, Labiba ta goge mata.

Ya juya ya ce, "Me ta ce? Ta yafe?"

Labiba ta ce, "Wallahi ban sani ba. Shekara biyu ke nan ko ruwa take so sai dai in yi ta kintace."

Ya kwana uku yana komawa, bai sami kalmar ba. Bayan ya dawo da mako biyar aka aiko ta rasu.

Ya miƙe bayan sallar Juma'a ya faɗi gaskiya da ƙarfi. Kun san abin da ya biyo baya? Wasu suka ce dangin Inna ne suka matsa masa. Wasu suka ce ciwo ya taɓa masa kai. Ƙaryarsa an karɓe ta a yini ɗaya, gaskiyarsa aka ce sai an yi bincike. Sauran rayuwarsa ya ƙare ta yana yawo tsakanin rumfunan Missèbo, yana kama hannun riga yana cewa, "Kitsen sa ne. Wallahi kitsen sa ne." Baƙi da ba su san zancen ba su fizge hannunsu su wuce. A haka ya rasu, a rumfar wani, ba a ɗakinsa ba. Kuma har watan jiya na ji wata tsohuwa tana cewa, "Saude mai kitsen alade."

Ya 'yan uwa, ban san abin da Allah zai yi da shi ba, rahamarsa tana da faɗi. Abin da na sani shi ne ya tafi da haƙƙin da bai ji an yafe masa ba. Hassada ce ta fara, harshe ya ɗauka, girman kai ya hana shi janyewa, rantsuwar ƙarya ta rufe ƙofa. Amma shi kaɗai zai iya? Mutum ɗaya ya faɗa, mu ɗari muka kai. An umarce mu in labari ya zo mu tsaya mu tantance, ba mu tsaya ba. An ba mu 'yancin magana, ba a ɗauke mana hisabi a kanta ba. Kai da ke cewa "ni dai haka na ji", wa ka je ka tambaya? Ke da ke cewa "kada ki ce ni na faɗa", me ya sa kika faɗa? In akwai wanda ka ɓata wa suna, tashi ka same shi yau, tun yana iya buɗe baki ya amsa maka.

Allah ya jiƙan Inna Saude, ya wanke ta a gaban halitta ranar tsayuwa. Allah ya yafe mini nawa kason. Allah ya kiyaye mu daga harsunanmu, ya kiyaye bayinsa daga gare mu, kada ya karɓi ranmu da haƙƙin wani a wuyanmu. Amin.