Reshen Durumin da Ya Ƙi Tumɓukuwa

Akwai wani mutum da ya gina gida a bayan gari, a fili fetal, babu itace ko ɗaya. Ya ɗauko mahaifiyarsa daga ƙauye, ya ba ta ɗaki mai rufin kwano. Da bazara ta shigo, ɗakin ya zama tanda, waje kuma rana, har tsohuwa ta rasa inda za ta sa kanta.

Mutumin ya ce zai dasa darbejiya, domin tana saurin girma. Uwar ta ce, "A'a, ɗan nan. Je ka saro mini reshen durumin ƙofar gidanmu na ƙauye."

Ya tafi ya kawo reshe mai kaurin taɓarya, ya kafa shi a tsakar gida. Ba a daɗe ba ganyen suka bushe suka zube, reshe ya tsaya tsirara. Matar mutumin ta ga turke ya samu a banza, ta ɗaure akuyarta a jiki. Tsohuwa ta kwance akuyar, ta kewaye wurin da ƙaya. A gindinsa take wanke fuska kowace safiya, nan kuma take zuba ruwan wankin gero.

Mutumin nan kuwa mai gajen haƙuri ne, irinmu. Wata rana ƙayar ta soke shi a ƙafa, ransa ya ɓaci. Ya ce, "Inna, itacen girki kike ta ba ruwa. Yau zan cire shi."

Ta ce, "Cire, in ka iya."

Ya kama da hannu ɗaya ya ja. Ya sa hannu biyu, ya yi nishi har da gumi, reshe ko gezau. Sai ya durƙusa ya tona gindin da yatsa, ga fararen saiwoyi sun kama ƙasa ta ko'ina. Kunya ta rufe shi. Ya mayar da ƙasar a hankali, ya je ya ɗebo ruwa da kansa.

Da ruwan fari ya sauka, reshen ya yi toho. Tsohuwa ta samu inuwar da ta ishi tabarmarta kafin Ubangiji ya kira ta. Jikokinta kuwa suka samu wadda ta rufe gidan duka, har maƙwabta na shigowa shan iska.

To, ga ma'anar wannan misali. Reshen nan ni ne, kai ne, ke ce. Akwai lokacin da duk wanda ya dube mu ba ya ganin ko ganye ɗaya. Amma Allah yakan fara aikinsa a ƙarƙashin ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Tsohuwar ita ce wanda ya ƙi fid da rai a kanmu: uwar da ta yi ta addu'a, malamin da ya maimaita mana aya muna gyangyaɗi. Ni kam, in na tuna nawa, sai godiya ta cika mini zuciya, domin na san ba don su ba, da tuni an cire ni.

Ka gode wa Ubangiji saboda wanda ya ba ka ruwa kana busasshe. In kuwa yana da rai, kada ka ajiye godiyarka sai ranar jana'izarsa. In an tashi daga taron sujadar nan, ka je ka same shi.