Mutumin da Ke Tsallaken Dutsen Zanko

Tun can da daɗewa, tun ba a share ko hanyar jaki ba a ƙasar arewa, an yi wata mata mai suna Gwamma. Ku matso ku ji, don ni ma shekaranjiya na ji labarin nan, kuma wallahi har yanzu tsigar jikina tashi take yi!

Su Gwamma mutanen fili ne. Ƙasarsu a shimfiɗe take kamar tabarma, dutsen da suka sani a duniya shi ne na niƙa. To sai aka yi fari shekara uku a jere. Rijiyoyi suka ƙafe, rumbuna suka zama wayam. Gida goma sha ɗaya suka ɗaure kayansu suka nausa arewa, domin sun ji ana cewa akwai wata ƙasar duwatsu inda ruwa ba ya yankewa. Mai ja musu gaba yayan Gwamma ne, wani maharbi wai shi Korau. Korau ɗan Jatau, gagara-daji, mai kibiya tara da ba a ganin ta goma!

Kwana goma sha tara suna tafiya kafin su iso. Jeji ne na ƙaya da baƙaƙen duwatsu, sun tsaya cirko-cirko har iya ganin ido. Uku sun fi sauran tsawo, na tsakiyar kuwa ya kere su duka, kansa da tsini kamar zankon zakara. Shi ne Dutsen Zanko. Amma ruwa fa? Ko ɗigo. Salkar ruwa ta ƙarshe tun jiya aka matse ta. Ga Gwamma da jaririya 'yar wata biyar, sunanta Dela, nono ya ƙafe. Yarinyar ta yi kuka har ta gaji ta daina. Bakinta a buɗe, idonta a buɗe, amma ba a jin komai.

Rana na ɓullowa Gwamma ta hango garken hasbiya ya tashi ya nufi can ƙolin dutsen, ya jima, sannan ya dawo.

Ta ce, "Yaya, dubi can. Ba shan iska ke kai tsuntsayen nan sama ba."

Korau ya duba ya ce, "Ke dai akwai ki da ido. Zauna nan, ni zan hau."

"Ƙafata ƙafarka. 'Yata ce."

"Ke da ko katanga ba ki taɓa haurawa ba?"

"Kai ka taɓa hawa dutse ne?"

Korau ya saɓa bakansa. Gwamma ta miƙa wa mahaifiyarsu, Inna Tabawa, jaririyar, ta ɗaure zaninta tamau, ta rataya salka biyu marasa komai, suka kama hanya.

Kai, hawan nan! Da farko tsakuwa ce ke zamewa a ƙarƙashin ƙafa, taku uku gaba, ɗaya baya. Daga nan sai dutsen ya miƙe tsaye kamar bangon ɗaki. Suka cire takalmansu na fata suka rataya a wuya, domin yatsun ƙafa ne kaɗai ke iya kama tsaga. Da hantsi ya yi, dutsen ya ɗau zafi kamar tanda, tafin hannun Gwamma ya saɓule. Inda saiwar gamji ta leƙo daga tsaga su kama ta, inda babu su yi rarrafe da ciki. Sau ɗaya ta waiwaya ƙasa, ta ga mutanensu sun koma kamar tururuwa, kanta ya juya, ta manna goshi a jikin dutse har jirin ya wuce. Daga nan ba ta sake waiwayawa ba.

Sai da rana ta take tsaka suka iso wani ɗan dandamali kusa da ƙoli. Faɗinsa bai fi tabarma biyu ba. A gabansu wani rami ne mai zurfi, wanda in ka jefa dutse ba ka jin faɗuwarsa, a tsallakensa kuma bangon dutse na biyu ne, da koguna da tsagogi birjik. Hasbiyoyin kuwa sun ɓace, ba a san ta inda suka shiga ba.

To maharban zamanin suna da wata al'ada. In maharbi ya shiga sabon daji, dole ya yi kirari, don mai dajin ya san namiji ya iso. Kuma babu cin mutuncin da ya kai wani ya maido maka da kirarinka kalma da kalma. In aka yi haka, ɗayanku ba zai koma gida ba.

Korau ya miƙe, maƙogwaro a bushe, ya ɗaga baka sama ya kwarma, "Sai ni Korau ɗan Jatau, gagara-daji!"

Sai daga tsallaken rami wata murya ta amsa, da ƙarfinta: "Ɗan Jatau, gagara-daji!"

Jama'a, Korau ya sandare. Ku tuna fa, mutumin fili ne, tun da aka haife shi bai taɓa jin dutse ya maido da magana ba.

Ya ce, "Wane ne kai?"

"Ne kai?"

"Fito in ka isa!"

"In ka isa!"

"Matsoraci!"

"Tsoraci!"

Idon Korau ya kaɗa ya yi ja. Ya zaro kibiya ya saki, ta bugi bango ta faɗa rami. Ya saki ta biyu, ya saki ta uku, har tara suka ƙare. Sai ya yar da bakan, ya zare wuƙa ya cije ta a baki, ya ja da baya yana auna faɗin ramin da ido. Tsalle zai yi! Ramin da ko barewa ba za ta tsallake ba!

Gwamma ta yi wuf ta cafke igiyar warkinsa. "Yaya, don darajar Inna, tsaya!"

Ya ce ta tsakanin haƙora, "Sake ni! Ba ki ji ya ɗauki sunan ubanmu ba?"

"In ka faɗa ramin nan wa zai taya ni sauko da ruwa? Dela fa!"

Ya fizge, ta sake riƙewa, ƙafarta na zamewa zuwa baki, tsakuwa na zubowa ƙasa. A cikin wannan kokawar ne wani abu ya faɗo mata a rai. Shekarar da hatsi ya ƙare, ita aka zura cikin rumbu ta share ragowar gero. Tana ciki ta kira Inna, sai muryar kanta ta dawo mata. Maza ba sa shiga rumbu, shi ya sa Korau bai sani ba.

Ta ɗaga murya ta ce, "Gwamma ce!"

Tsallake ya amsa da muryar mace: "Gwamma ce!"

Korau ya tofar da wuƙar ya ce, "Au, har da ƙanwa gare shi? Ita ma sunanki ta sata!"

Wayyo, ba lokacin dariya ba ne. Gwamma ta ga bayani ba zai shiga kan yayanta ba yanzu, ga rana ta fara karkata. Sai ta cika ƙirjinta da iska ta kwarma, "Korau ya fi kowa!"

Duwatsu suka ɗauka, wannan ya ba wancan: "Ya fi kowa! Fi kowa! Kowa!"

Korau ya tsaya cak. Kafaɗunsa suka sauko sannu a hankali. Ya ce, "To, da ka faɗi haka tun farko."

Gwamma ba ta ɓata lokaci ba. Ta san bango ke maido da murya, ƙofa kuwa haɗiye ta take yi; inda aka ƙi amsawa, ta nan hasbiyoyin suka shige. Ta juya gabas ta ce, "Gafara dai!" Aka amsa. Ta juya yamma, aka amsa. Ta bi dandamalin da rarrafe ta zagaya wata kusurwa a nasu ɓangaren, inda wata tsaga take a bayan ƙaya, ta sa baki ta ce, "Gafara dai, masu gida!"

Shiru. Sai wata iska mai sanyi da ta taɓa mata fuska.

Ta kutsa da gefe, dutse na kartar haƙarƙarinta, taku bakwai cikin duhu, sai ƙafarta ta ji laima. Ruwa! Yana tsattsafowa daga jikin dutse yana taruwa a wani kwarmi, sanyinsa har haƙori yake kamawa. Ta sha kurɓi uku kacal, ta cika salkunan.

Saukowa ta fi hawa wuya, ga nauyi ga santsi, amma Korau ya goya salka ɗaya, ya riƙa sa mata ƙafa a tsaga ɗaya bayan ɗaya. Kafin rana ta faɗi suka taka ƙasa. Inna Tabawa ta jiƙa bakin zaninta ta ɗiga wa jaririyar a harshe. Ɗigo ɗaya, ba motsi. Na biyu, ba motsi. A na uku ta haɗiye, ta yamutsa fuska, ta tsala ihu. Mata suka ɗau guɗa da busassun maƙogwaro.

A nan suka kafa gari, shi ne Gindin Zanko, marmaron kuma ana kiran sa Ƙi-Amsa, bai taɓa ƙafewa ba. Ita kuwa ana mata kirari: Gwamma ta Korau, mai kunnen da ya jiyo ruwa a cikin shiru! Amma shi Korau har ya tsufa ya mutu bai yarda babu kowa a tsallaken nan ba. Cewa yake mutumin ya miƙa wuya ne. Shi ya sa har yau maharban garin ba sa kirari a kan dutsen, wai kada a tada tsohuwar rigima. Duk shekara in kaka ta yi, 'yan mata ne ke hawa, su tsaya a dandamalin su kwarma, "Korau ya fi kowa!" Maza na ƙasa sun kasa kunne. Sai sun ji tsallake ya amsa, sannan dattijonsu ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla, bana ma bai canja magana ba."