Tukunyar Jummare da Ƙwayoyin Hadeel

Ku yi mini uzuri, jama'a, shekarar ta kwance mini, sunan unguwar ma ya gudu. Ga dai abin da ya saura a kaina.

Akwai wata ɗaliba a garin Gadarif na ƙasar Sudan mai suna Hadeel. Aikinta na kammala jami'a a kan ƙwayoyin halitta ne, waɗanda ido ba ya gani, masu sa ƙullun kisra, wato siririyar gurasar dawa ta can, tsami. A cikin kwamfuta ta ƙera su ɗaya bayan ɗaya: kowace ƙwaya ta ci, ta girma, ta rabu biyu.

Saura mako guda ta tsaya gaban malamanta, aiki ya ƙi. Kwamfuta na cewa tsami zai kai cikin awa biyar, ƙullun gaske kuwa sai ya wuni ya kwana. In ba su dace ba, sai ta maimaita shekara.

Kakarta Jummare, wadda ta tsufa tana yin kisra, ta leƙo, ta kalli fuskar kwamfutar.

"Daktora, ɗige-ɗigen nan su ne 'yan ƙullu? Me ya sa duk girmansu ɗaya?"

"Abincinsu ɗaya ne. Habboba, kakata, wannan ilimi ne, ba girki ba. Koma wajen murhunki."

Tsohuwa ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta fita, ta dawo da tukunyarta da cokali.

"Ɗanɗana na sama. To, yanzu zura har ƙasa."

Hadeel ta ɗanɗana na ƙasa, ta yamutsa fuska.

"Kin ji? Ba na wanke tukunyar nan tas, ina barin tsohon ƙullu a gindi. Daga can tsami ke hawowa a hankali. Na ƙasa a cunkushe suke suna wawaso, na sama ko labari ba su ji ba. Wa ya raba musu abinci daidai, ya bitti, 'yata?"

Hadeel ta jawo wa kakarta kujera. A cikin kwamfutar ta bai wa kowace ƙwaya mazauninta, ta ci abin da ke kusa da ita kaɗai. Kwana uku ana gyara, kwamfuta da tukunya suka yi baki ɗaya. Hadeel ta ci jarrabawa.

Jummare ta ce, "Halas, shi ke nan, takardar taki ce, amma daga yau ni ce Daktora."

Daga baya yawona ya sake bi da ni garin, Hadeel ta nuna mini ɗigon ƙullu a madubin ƙara girma. Na gani da idona: iri biyu ne a ciki, sirara masu kawo tsami, da mulmulallu masu sa kumfa.

Darasi: Kafin ka kori tsoho daga wurin aikinka, tambaye shi abin da hannunsa ya sani. Ku tura wa duk mai ɗalibi a gida.