Rigar Tanko a Bakin Titi

Ga wata nan na kawo muku.

Ta iso, mu ji ta.

To ku matso. Kai mai tsokanar ƙanwarka, ina ganinka.

A wani gari, da can, idan kaka ta yi, a kan falalen dutse ake shanya. Dutsen yana bayan gari, sai an yi tafiya, sai an hau tudu. Rannan sai ga Titi ya ratso gari, baƙi wuluk, sumul, ga zafi. Ya ce, "Mutanen gari, me ya kai ku hawan tudu? Ga ni a ƙofar gidanku. Ku shanya a gefena."

Mutum dai da son sauƙi. Aka bar dutse, aka koma Titi.

Akwai wata mata, Hajo, da 'ya'yanta biyu: Ladidi, da ƙanenta Tanko wanda bai daɗe da iya gudu ba. Hajo ta baza shinkafa a gefen Titi, ta zaunar da su, ta miƙa musu faifai. Ta ce, "Ku kori kaza, ku kori akuya. Kada ƙwaya ɗaya ta salwanta." Ta koma gida aiki.

Sai ga Kaza da ɗan tsako ɗaya tal. Ladidi ta ɗaga faifai. Kaza ta ce, "Ba ci na zo ba, yarinya. A da 'ya'yana cike da akurki. Titi ya kira mu da tsaba, ga abin da ya rage mini. Ku tashi daga nan."

Ladidi ta gaya wa uwarta. Hajo ta ce, "Wayon kaza ne, so take ku tashi ta ci."

Washegari sai ga Akuya tana ɗingishi. Ta ce, "Ba ci na zo ba, yarinya. Da ƙafa huɗu na zo wurin nan, da uku na koma. Ku tashi daga nan."

Ladidi ta gaya wa uwarta. Hajo ta ce, "Wayon akuya ne. 'Ya'yan kowa suna can, ku kaɗai ne masu rai?"

Washegari sai ga Bushiya. Ita ba ta cin shinkafa, ba ta da abin yi wa wayo. Ta tsaya nesa ta ce, "Mijina ya ce zai tsallaka ya dawo. Har yau ina jira. Ku tashi daga nan."

Ladidi ta buɗe baki za ta amsa, sai iska ta taso. Ta ɗauke faifai, ta mirgina shi tsakiyar Titi. Faifai na gudu, Tanko na dariya, yana binsa. Ladidi ta ce, "Tanko, dawo." Ga babbar mota ta taho, mai motar yana ta taka birki, amma kaya sun yi mata nauyi.

Yara, ba zan faɗa muku sauran ba. Tanko dai bai dawo ba.

Hajo ta yi kuka har muryarta ta dushe. Gari ya zo gaisuwa, kowa ya ce, "Allah ya ba da haƙuri." Aka yi sadakar uku. Kuma abin da ke ƙona mini rai ke nan: gari na wayewa aka sake baza shanya a gefen Titi, aka sake zaunar da yara, kowa da faifansa. Wai kaka ba ta jiran mai makoki.

Ladidi ta je ta durƙusa a bakin kwalta. Ta ce, "Titi, Titi, ba ni ƙanena."

Titi ya ce, "Abin da ya tafi ta kaina ba ya dawowa."

Ta ce, "Titi, Titi, me ya yi maka?"

Ya ce, "Bai yi mini komai ba."

Ta ce, "Titi, Titi, to me ya sa ka ɗauke shi?"

Ya ce, "Yarinya, ba ni da hannu, ba ni da ƙafa. Ban taɓa shiga ɗakin kowa na ɗauko yaro ba. Kawo mini su ake yi, a ajiye, a tafi."

Ladidi ta tashi. Ba ta je wurin mai gari ba, wa zai saurari yarinya? Ta shiga ɗaki ta ɗauko 'yar rigar Tanko. Ta zo tsakanin shanyar mutane, ta shimfiɗa ta, ta danne da duwatsu, ta zauna tana gadi.

Wata mata ta zo juya shinkafarta. Ta ce, "Ke Ladidi, me kike shanyawa?"

Ta ce, "Abin da Titi ya bar mana, Inna."

Matar ta dubi rigar, ta dubi ɗanta. Ta kwashe shinkafarta, ta kama hannun yaron.

Ta biyu ta zo, ta tambaya, ta ji, ta kwashe. Ta ukun ita ce Hajo. Ita ba ta tambaya ba. Ta ɗauki rigar ta rufe fuskarta da ita, ta ce, "Kin gaya mini, 'yata. Kin gaya mini, ban ji ba."

Titi ya ce, "Ina za ku? Dutse da nisa."

Ladidi ta ce, "Da nisa, amma ana dawowa."

Aka hau tudu, aka share dutse, aka baza shinkafa. Kaza ta zo, aka bar ta ta tsattsaga. Can sai iska ta taso, ta ɗauke wani faifai, ta mirgina shi. Wani ɗan yaro ya bi shi da gudu. Ya bi shi, ya bi shi, ya kama, ya dawo yana dariya.

Hajo ta bi shi da ido har ya zauna. Sannan ta juya baya, don kada yaron ya ga hawayenta.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya, na ɗora ta a kan ɓera ya tafi da ita. Ku yara, abin da ya faɗa titi ku bar shi, ko faifai ne ko ƙwallo. Ku kuma manya da ke saurare ta bayan zana, da ku nake: shinkafa ana sake nomawa baɗi, kada ku ajiye yaro a bakin titi don ya tsare ta.