Ɗakin da Mankau Bai Sake Rufewa Ba

A can zamanin da, tun ƙasar nan tamu tana kurmi, babu hanya sai wadda giwaye suka fasa, an yi wani maharbi ana ce da shi Mankau. Tsofaffi sun ce idan ɓauna ta taso masa, sai ya rikiɗe ya zama suri, ta yi ta sansana har ta gaji ta wuce. Har yau maroƙa suna yi masa kirari: Mankau dodon ɓauna, na Tabawa, mai sauka inda zaki ya ƙi sauka.

Tabawa matarsa ce. Ita ba 'yar dawa ba ce, 'yar magina ce daga wani birni can arewa, ta tashi tana cuɗa ƙasa a bayan mahaifinta. Ta biyo Mankau daji, shekara da shekaru suna kwana a bukka, yau nan gobe can. Ranar da suka iso bakin rafin nan ta ga jar ƙasa, ta damƙa ta ji danƙonta, sai ta sauke kayanta.

Ta ce, "Maigida, ni kam na iso. Ciki gare ni, kuma ba zan haihu a bukkar da kura ke leƙowa ba."

Ya yi dariya ya ce, "To, sarauniyar laka, ba da umarni."

Shi ke ɗebo ruwa, ita ke yin tubali. Ta jera sahu, ta bari ya bushe, sannan ta ɗora wani. Kafin bazara ta shigo bango ya kai, saura rufi, ita kuwa ciki ya yi nauyi, tashi ma da ƙyar. Rufin soro sai da azara, wato giginyar da ake tsagawa a jera a ɗora ƙasa a kai. Sai ta ja masa kunne. Ta ce namijin giginya zai saro, wanda ba ya 'ya'ya, shi ne gara ba ta iya ci. Macen kuwa, komai kaurinta, cikinta taushi gare shi.

Mazan giginya suna can nesa, tafiyar kwanaki. Matan kuwa ga su nan birjik a bakin rafi. Mankau ya dubi gabas ya ga hadari ya fara haɗuwa. Ya dubi sawun kuraye kewaye da bukka, ya dubi matarsa. Zuciyarsa ta ƙi ya bar ta ita kaɗai. Sai ya sari na kusa, ya tsaga, ya shanya, ya hau ya jera. Tana zaune a ƙasa ta ɗaga kai ta ce, "Namiji ne?"

Ya ce, "Namiji ne."

Ta daɗe tana kallon sama. Wasu sun ce ta gane, ta yi shiru don ta san dalilinsa. Wasu sun ce ba ta taɓa jin ƙarya a bakinsa ba, shi ya sa. Ni dai ban sani ba.

A ɗakin nan ta haifi 'ya mace, aka sa mata Kande. Damina ta wuce lafiya, rani ya wuce. Mankau ya yi ta cewa a ransa bari na gama wannan farautar na canza azarar, amma canzawa sai ya faɗi gaskiya, gaskiyar kuwa ta yi masa nauyi fiye da giwa. Gara tana ciki tana aikinta, ba ta da ƙara.

A tsakiyar damina ta biyu aka yi ta malka, ƙasar rufi ta sha ruwa ta ƙoshi. Da hantsi, yana bakin rafi, ya ji ƙara kamar an kayar da kuka. Ya sheƙo, ya ga rufin ɗakin ya rufta. Da hannu ya yi tonon, har faratansa suka fita. Ya tarar da Tabawa a durƙushe, ta yi rumfa da bayanta, Kande a ƙarƙashinta tana kuka. Uwar ta riga ta cika.

Mutumin da ɓauna ta kasa, sai ga shi zaune cikin laka kamar tsumma. Ba a sake ganinsa da baka ba. Ya goya 'yarsa, ya kama hanyar mazan giginya, ya dinga ɗauko azara a kafaɗa. Duk baƙon da ya sauka a wurin, Mankau ke yi masa rufin ɗaki, ba ya karɓar komai. Haka gida ya zama gidaje, gidaje suka zama gari. Amma ɗakin Tabawa bai yarda a rufe ba. Aka ce da shi, "Baba, ga azara mai kyau, mu rufe mana." Ya ce, "Lokacin da take buƙata ban kawo ba. Yanzu wa zan rufa wa?"

Bangon da ba shi da rufi ruwa ke cinye shi. Don haka duk shekara kafin ruwan fari yakan yaɓe shi da hannunsa, har tsufa ya kama shi, Kande ta karɓa. Shi ya sa ake ce wa garinmu Kangon Tabawa. Ɗakin yana nan bayan masallaci, sama a buɗe. Gidajen da ke kewaye da shi yawanci sun koma bulo da kwano, shi kuwa yana nan da jar ƙasarsa.

Al'adar ba ta mutu ba. Waɗanda suka binne nasu a shekarar su ke yin yaɓen, kuma ba a goge sawun yatsu. Bana da ni aka yi. Innata ta rasu da kaka, ina can birni ina cewa sati mai zuwa zan dawo. Na ɗebi ƙasar, da sanyi, na manna a bango. Tsohon da ke kusa da ni ya ce, "Danna sosai, ɗana, ruwa na tafe." Na danna.